Ɗigon Kore a Tsakiyar Ƙuna

Magariba ce irin ta kullum. An kwashe shanya, an cika buta, matar gidan na tsugune a bakin famfo tana ɗauraye kofuna, 'yarsu kuma na zaune a kan tabarma tana feƙe fensir. Kyauta suke ce mata, domin sai da suka fid da rai da haihuwa sannan ta zo, daga ita kuwa ba a sake ba. Uban, wanda duk layin ke kira Mai Taswira, shigowarsa ke nan, jakar kwamfuta na rataye a kafaɗarsa, ko takalmi bai cire ba.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwal. Ya gangaro a hankali, ya dira a tsakar gida.

Mai Taswira ya ja tsaki, ya ce yaran maƙwabta ne, kuma yau sai ya kai ƙararsu. Ya duƙa ya ɗauki dutsen don ya tafi da shaida, amma ba shiri ya yar da shi yana yarfe hannu. Dutsen baƙi ne ƙirin, da zafi rau kamar yanzu aka zaro shi daga murhu. Kafin ya ɗago, na biyu ya faɗo, sannan na uku. Babu gudun yara a lungu, babu dariya. Wani ƙauri ya cika gidan, ƙaurin ɗanyen itace da wuta ta ci, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Matar ta leƙa kicin, ta dawo tana girgiza kai. Kyauta kuwa ta daina fiƙar fensir, ta ɗaga kai ta ƙura wa sama ido, ta daɗe ba ta ko ƙifta ba.

Shi dai Mai Taswira aikinsa kallon ƙasa daga sama. A ofishinsu ana karɓar hotunan tauraron ɗan Adam, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta ya jera hoton jiya da na yau, ya gano abin da ya sake. A watan nan wata gobara ta tashi a wani babban daji can nesa da gari, ta yi ta ci har sai da ta gaji don kanta. Da hayaƙi ya washe, hoton ya nuna wani makeken tabo baƙi mai jan baki. Aka ba shi aikin zana iyakarsa, domin da taswirar nan za a aika masu katafila su tumɓuke kututturan da suka ƙone, a baje ƙasa, a dasa sababbin itatuwa.

A tsakiyar baƙin nan ya ga wani ɗigo kore, bai fi kan ashana ba. Ya jawo hoton kusa, ya ƙara jawowa, har ya ga ɗan kurmi ne da wuta ta zagaye ta bari, itatuwa cunkushe, inuwarsu ta yi yawa fiye da yadda ya kamata. Ya jima yana kallo. To amma ƙa'idar aikin ita ce duk ɗan ƙaramin wurin da bai kai ya kawo ba a haɗe shi da ƙuna, don taswira ta fito fes, masu katafila su yi aikinsu a miƙe. Ya danna sau ɗaya, koren ya koma baƙi. Abin da yake yi ke nan kullum, wallahi ko a jikinsa. Ya rufe kwamfuta ya taho gida, ranar kuwa aka fara jifa.

Tun daga nan magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana lafiya lau, da zarar haske ya fara ja sai duwatsu su fara sauka, sai ƙaurin nan, sai toka ta kwanta a kan gado da cikin kwanuka, har cikin tulun da aka rufe. Wani lokaci sukan ji kamar mutane da yawa na tari a bayan ɗaki, tari na wanda ya sha hayaƙi, da kukan jariri can ƙasa-ƙasa. Mai Taswira ya haska fitila ya duba, ba kowa sai tsintsiya a jingine. Maƙwabta da suka zo kallo da farko, da dutse ya sauka gaban wani mai yawan surutu a cikinsu, sai kowa ya tuna yana da aiki a gida.

Duk wannan da sauƙi, da a ce abin bai taɓa Kyauta ba. Yarinya mai baki kamar rediyo ta yi tsit. Ta daina ci, ta daina zanen da take so, kullum tana cewa bayanta na ƙuna. Da uwar ta ɗaga mata riga, sai ta saki salati ta kira mijinta. Wani baƙin tabo ne ya shimfiɗu a gadon bayan yarinyar, bakinsa ja, a tsakiya kuma ɗan wuri guda fata na nan lafiyayya.

Mai Taswira ya duƙa ya duba. Ya san tabon nan. Ya san lanƙwasar da ya yi ta wajen kafaɗa, inda wuta ta bi gefen rafi; ya san harshen da ya miƙa ta wajen ƙugu. Da hannunsa ya zana shi. Ya sauke mata rigar, bai san yadda zai faɗa a yarda ba. Aka kai ta asibiti, likita ya ba da man shafawa da ƙwayoyi, ya ce a dawo. Kowace safiya uban sai ya duba, kowace safiya kuma lafiyayyen wurin nan ya ƙara tsukewa, numfashin yarinyar na raguwa tare da shi. Ba sai an gaya masa abin da zai faru ranar da baƙin ya haɗe ba.

Matarsa ce ta aika aka ɗauko malamin da ya koyar da ita karatu tun tana ƙarama. Dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya iso bayan la'asar, ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya sansana, ya saurari duk abin da Mai Taswira ya zayyana masa na hoto da ɗigo da dannawa, bai katse shi ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, uwar ta riƙe kan yarinyar a cinya. Kafin ya fara ya dubi uban ya ce, "Komai za ka ji, kar ka tanka. Ni zan yi magana. Bakin uba suke jira."

Da aka idar da sallar magariba ya fara karatu, a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Jifa ya ɓarke a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan ya tsaya cak. Kyauta ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta yi tari mai tsawo. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe.

Malam ya yi mata sallama, ta amsa. Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da yarinya ta yi mata.

"Yarinya ba ta yi min komai ba," in ji muryar. "Wuta ta ci gidajenmu, ba mu ce uffan ba, wuta ta Allah ce. Na tattara waɗanda suka rage na shigar da su kurmi ɗaya, masu ƙuna da masu jego, babu rufi, babu sutura. Sai ga ido daga sama, ba sallama. Ya leƙa, ya matso, ya ƙara leƙawa. Da ya gama kallonmu, sai ya shafe mu. Yanzu ƙarafa na tafe za su tumɓuke ɗan abin da ya rage mana. Ya shafe nawa, zan shafe tasa."

Uwar ta fashe da kuka marar sauti. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce mata wanda ya yi bai sani ba, kuma ko ya sani, ba a kama 'ya da laifin uba. Ya tuna mata ita ma za ta tsaya gaban Wanda ya halicce su duka. Ta yi gardama, ta yi barazana, ya koma karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa, muryar ta ce ya dakata. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: gobe za a mayar da koren inda yake, a kewaye shi, kada ƙarfe ya kusance shi, ita kuma ta fita yanzu, ba dawowa.

"Na yarda da wannan," in ji ta. "To leƙen fa? Wa zai biya leƙen?"

Malam ya ce babu biya a kan abin da aka yi cikin rashin sani, ya ci gaba da karatu. Kuma wallahi ya kusa gamawa da ita, domin muryar ta fara yin nisa, tana ja da baya. Sai kawai fuskar yarinyar ta sake, ta dawo tata ta ainihi, ta miƙa hannu ta ce, "Baba, zafi."

Ina Mai Taswira zai iya! Gargaɗin malam ya fice masa daga kai. Ya zube a gwiwa ya ce, "Ni na leƙa. Ki ɗauka a jikina, ki bar min 'yata."

Malam ya runtse ido. Muryar ta yi wata 'yar dariya gajera, ta ce ta karɓa. Kyauta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, gumi ya karyo mata. Ƙaurin ya fita daga ɗakin kamar an buɗe taga. Malam ya shafa addu'a, ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar uban ya ce Allah ya sassauta.

Washegari kafin masu shara su gama, Mai Taswira na kan kujerarsa a ofis. Ya mayar da ɗigon, ya zana masa da'ira mai faɗi, ya rubuta kada a taɓa. Ogansa ya zolaye shi, wai duk sammakon nan saboda kan ashana ne, amma ya sa hannu, ya ce dama itatuwan da suka tsira za su ba da iri. Aka aika wa masu katafila sabuwar taswira tun suna hanya.

Jifa bai sake sauka ba. Tabon ya yi ta dusashewa har bayan Kyauta ya koma sumul, bakinta ya buɗe, gida ya cika da surutu. Shi kuwa tun a hanyar dawowa daga ofis ran nan ya lura da wani ɗan baƙin ɗigo a ganinsa. Ya murza ido, ya wanke, yana nan. Likitan ido ya haska, ya auna, ya ce bai ga komai ba. Ɗigon bai ƙaru ba, bai ragu ba, sai dai duk abin da ya kalla kai tsaye, a tsakiyarsa yake zama. Aiki bai gagare shi ba, ya koyi kallon hoto ta gefe, ya kuma koyi yin sallama a hankali kafin ya buɗe kowanne, abokan aiki na dariya, shi ko a kwalarsa.

Wata magariba yana zaune a tsakar gida, Kyauta ta rugo da takarda ta tsaya gabansa, wai ya ga zanenta, ya kuma ga haƙorin da ya fita. Ya ɗago ya dube ta. Ga kitsonta, ga kunnuwanta, ga wuyan rigarta, amma inda fuska take babu komai sai baƙi. Ya karkatar da kai a hankali, kamar yadda ya saba yanzu, har murmushin da giɓin suka bayyana a gefen idonsa.

"Baba, me ya sa kullum kake kallona a karkace?" ta ce. "Ko fushi kake yi da ni?"

Uwar ta juya baya ta ci gaba da ɗauraye kofin da ta riga ta ɗauraye. Shi kuma ya jawo 'yarsa, ya shafa fuskar da tafin hannunsa tun daga goshi har haɓa, ya ce a'a, ba fushi ba ne, a haka ya fi ganinta da kyau.