Idon Shatu Ba Harara Ba Ne

Wata yarinya ce 'yar aji huɗu a Bodinga. Ran Litinin aka kawo sabuwar ɗaliba daga Shagari, sunanta Shatu. Aka zaunar da ita kusa da yarinyar.

Shatu tana kallon allo, amma idonta na hagu ya karkata waje, yana kallon yarinyar. Ran yarinyar ya ɓaci. Da aka fita tara sai ta tare ta.

"Ke! Mi na yi miki kike hararata tun safe?"

"Ban harare ki ba," in ji Shatu. "Idona ne. Da ina ƙarama ya karkata ciki, aka yi mini aiki. Yanzu kuma ya karkata waje. Ran Alhamis za a sake aikin a Sakkwato."

"Ƙarya kike, harara-garke! Na farko bai gyara ba, na biyu tsiyaye shi zai yi!"

Yara suka fashe da dariya.

Washegari Shatu ba ta zo ba. Malama Balaraba ta shigo fuska a murtuke.

"Wa ya ce wa Shatu idonta zai tsiyaye? Ta koma Shagari, ta ce ba mai taɓa mata ido. Wata shida iyayenta suna jiran wannan rana!"

Yarinyar ta miƙe tsaye.

"Ke ce? Yaushe kinka zama likita?"

Da Inna, mahaifiyar yarinyar, ta ji labari, ko abinci ba ta bari ta ci ba.

"Ɗiyar mutane na fama da lalura, ke kina ƙara mata? Ɗauko hijabinki!"

Suka hau mota zuwa Shagari. Suka tarar da Shatu a ɗaki tana kuka.

"Ki yafe mini," in ji yarinyar. "Ban san komai game da ido ba. Haushi ne ya sa na faɗa."

"To ba zai tsiyaye ba?"

"Ki tambayi likita, kar ki tambaye ni."

Mahaifin Shatu ya kira likita a waya. Likita ya ce jijiyar da ke jan idon kawai za a daidaita. Shatu ta share hawaye, ta yarda.

Bayan mako biyu ta dawo makaranta. Idon ya ɗan yi ja, amma ya miƙe sarai. Yarinyar ce ta kwafe mata duk darasin da ya wuce ta.

Yara, kada ku yi wa mai lalura ba'a. Kuma kada ku faɗi abin da ba ku sani ba, don yana iya cutar da wani.