Ɗaya Bisa Ɗari Biyu

Ranar da ya fara shigowa shagonta, ta ɗauka akwai ɗan motsi a kansa. Shekararta huɗu tana sayar da zare da allura da maɓallai, ba ta taɓa ganin namiji ya zo da rula a aljihu yana auna kaurin zare ba.

"Babu wanda ya fi wannan siriri?" ya tambaya, bayan ta sauke masa kwali na biyar.

"Malam, daga wannan sai yanar gizo. Wai wandon sauro za ka ɗinka ne?"

Bai ji haushi ba. Dariya ya yi, ya ciro waya ya nuna mata hoto. Jirgin ruwan yaƙi ne da bindigoginsa da bututun hayaƙinsa. Har ta buɗe baki za ta ce ina ruwan zarenta da wannan ƙaton abu, sai ta hango kofin shayi a gefen jirgin, ya ma fi bututun tsawo.

"Kai ka yi wannan?"

"Da gwangwanin madara da guntayen katako. Igiyoyinsa ne suka rage."

Ta kalli hoton, ta kalle shi, ta sake kallon hoton. Sai ta ɗauko zaren siliki ta warware shi gida uku, ta miƙa masa sili ɗaya. Ya ɗora a rula, ya ɗago ya dube ta kamar wadda ta tsamo shi daga rijiya.

Mai gyaran agogo ne, shagonsa na layin baya. Kwana biyu tsakani ta tuna cewa akwai wani mataccen agogon bango a gidansu da ya shekara bakwai ba wanda ya damu da shi, kuma wai lallai a ranar yake bukatar gyara.

A bayan kantar agogunan akwai dogon tebur, jirgin na zaune a kai, tsawonsa bai wuce hannunta ba. Ya ba ta ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Ta sunkuya ta leƙa. Ƙofofin jirgin buɗewa suke yi. Matakalansa na waya ne, kowane tsani da abin dafawa. Sarƙar anga kuwa zobe ɗari huɗu da sha biyu ce, shi ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Ashe mutum zai iya zuba wa abu haƙuri irin wannan, ba don wani ya sa shi ba?

"Duk abin da ya kai taku ɗari biyu a jirgin gaske, a nan taku ɗaya ne," ya ce. "Ɗaya bisa ɗari biyu. In ka yi ha'inci a wuri guda, sauran duk sai sun tona maka asiri."

Daga nan fa waya ta shiga uku.

"Allurata, na ɗaura igiya goma yau, tara sun tsinke. Hannunki nake bukata."

"Hannun kawai, Mai Jirgi?"

"Abin da bakina ke iya faɗa ɗaya bisa ɗari biyu ne. Ki lissafa sauran."

Ta karanta saƙon nan ya fi sau ashirin, har ta ba wata mata jan zare a madadin baƙi.

Matsalar ɗaya ce, kuma kullum tana zaune a ƙofar gidansu kan kujerar roba. Babanta tsohon sojan ruwa ne, shekara ashirin da shida ya yi a jirgi. Unguwa kaf Kyaftin ake kiransa. Da yamma abokansa kan zagaye shi yana ba su labarin yadda yake tsayawa can ƙololuwar jirgi yana ba da umarni, teku na rawa a ƙarƙashinsa.

A cikin gida kuwa an san gaskiya. Baba bai taɓa zama kyaftin ba. A ɗakin inji ya yi aikinsa, can ƙasan jirgi inda rana ba ta leƙawa. Can kunnensa na hagu ya mutu, can ya samo tabon ƙunar da yake rufewa da dogon hannun riga. Mama ta kafa doka tun suna yara: ba mai tayar da wannan zance.

Da aka kai masa maganar mai agogo, sai da ya cire tabarau don ya ji daɗin yin faɗa.

"Ƙato da gemunsa yana wasan yara? Ni da na ga jirgin gaske zan ɗauki 'yata in ba mai jirgin gwangwani? Ga ɗan aminina mai sayar da motoci, yaro mai ladabi!"

Ladabin mai motoci dai bai wuce ƙamewa da sara wa Baba yana cewa "Kyaftin, ranka ya daɗe" ba. Amma wanda ya san inda ke yi maka ƙaiƙayi ai ya gama da kai.

"Ba zan yi miki dole ba," Baba ya ƙarasa, "amma wancan kam, ban da albarkata."

Ita kuwa ta san kanta. Ba za ta iya auren da Baba bai sa wa albarka ba, ba kuma za ta iya auren wani ba. Ta yi kuka har ta gode wa Allah, sannan dabara ta faɗo mata. Ta zare hoton jirgin Baba daga tsohon albam ta kai wa Mai Jirgi ya ƙera irinsa, ta kuma faɗa masa sirrin gidansu, don kada ya yi katoɓara wata rana.

Wata bakwai ya yi yana aikin. Ya bi ɗakunan karatu yana kwafo zanen jirage irin wannan, ya feƙe katako, ya yanka gwangwani har yatsunsa suka cika da filasta. Ita ke ɗaura igiyoyi in ta rufe shago da rana. Duk lokacin nan mai motoci na ta sintiri, yau da farar mota gobe da baƙa, tana gaishe shi daga nesa.

Saura mako biyu a gama, ya nuna mata ɗan mutumin da ya sassaƙa, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Baba ke nan."

"Kai, masha Allah! Ka sa shi can sama, inda kyaftin ke tsayawa."

"Ba can ya tsaya ba, Allurata."

"Na sani! Amana na ba ka, ba don ka tozarta min uba a gaban abokansa ba."

"Na faɗa miki, in aka yi ha'inci a wuri guda..."

"To ka auri rularka!"

Ta fice. Kwana tara yana kira ba ta ɗauka, ko da yake duk sanda wayar ta yi ƙara sai ta leƙa ta ga ko shi ne. A rana ta goma saƙo ya shigo.

"Allurata, wanda ya haife ki ba zai ji kunya a hannuna ba. Ki ba ni Asabar kawai. In ransa ya ɓaci, ba za ki sake ganin ƙafata a layinku ba."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura kalma ɗaya: "Asabar."

Da yammacin Asabar majalisar Baba ta cika, har da mai motoci. Tana leƙe ta taga, sai ga Mai Jirgi rungume da akwatin gilashi an lulluɓe da zane. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye a kan benci, ya yaye zanen.

Wani tsoho ya saki salati. Rana ta haska jirgin, igiyoyin silikinta suna ƙyalli, lambar da ke jikin hoton nan ga ta a goshinsa. Baba da ya rantse ko kallo ba zai yi ba, bai san sanda ya miƙe tsaye ba. Leɓɓansa suna motsi, yana karanta lambar.

"Kyaftin, nuna mana inda kake tsayawa!" in ji mai motoci.

Duk suka leƙa ƙololuwar jirgin. Babu kowa a wurin. Ta ga hannun Baba ya kama gefen kujera, ta runtse ido ta ce shi ke nan, ta kashe kanta da kanta.

"Baba," Mai Jirgi ya ce a hankali, "akwai wani sashe da ba ya son iska. Sai a ɗaki."

A falo daga Baba sai Mama sai su biyu. Mai Jirgi ya cire gilashin, ya sa hantsaki ya ɗage wani yanki na saman jirgin. Ɗan ƙwan fitila ya kama a ciki. Ya murɗa wani mabuɗi, injin mataccen agogon nan na gidan Baba da ya ɓoye a ciki ya fara aiki, farfelar jirgin ta shiga juyawa.

Ɗakin inji ne sukutum. Ga tukwanen tururi, ga bututai sun sarƙe da juna, ga ma'aunai masu allura, ga matakala siririya mai hawa sama. A tsakiyarsu ga ɗan mutum riƙe da sifana, hannun rigarsa a naɗe.

Ya miƙa wa Baba gilashin ido. Baba ya sunkuya. Ya daɗe a haka, ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas ɗin agogo. Mama ta damƙe hannun 'yarta har sai da ya yi zafi.

"Wannan bawul ɗin mai tsare tururi," Baba ya ce, "ba nan yake ba. A hagu yake."

"A zanen da na samu..."

"Zanen banza! Ni zane zai faɗa wa? Bawul ɗin nan shi ya ƙone ni." Ya naɗe hannun riga, abin da bai taɓa yi a gaban baƙo ba, ya nuna tabon. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin. "Shekara ashirin da shida. Duk wanda ya ga jirgi, bindiga yake kallo da masu fararen kaya. Ba wanda ya taɓa tambaya wa ke ƙasa."

"Ni mai agogo ne, Baba. Kowa fuskar agogo yake dubawa. Ni kuwa na san abin da ke tafiyar da shi a ciki yake."

Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Sannan ya sa hannu biyu ya ɗauki jirgin a buɗe, ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?" Mama ta tambaya a tsorace.

"Sun ce in nuna musu inda nake tsayawa."

Ta taga ta ga tsofaffin nan suna karɓa-karɓa da gilashin ido, Baba na bayanin tururi da zafi da yadda jirgi ke zama gungumen ƙarfe in na ƙasa suka yi barci. Ba ta taɓa jin labarinsa ya yi daɗi haka ba. Mai motoci ya duba agogo ya ce yana da baƙi. Sauran kuwa ba wanda ya fasa kiransa Kyaftin, har gobe.

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa: a mayar da bawul hagu kafin a yi zancen aure. Aka mayar a kwana biyu, yana tsaye a kansa yana ba da umarni, karo na farko da gaske.

Ranar da aka ɗaura aure Baba ya kama hannuwansu ya haɗa. "Allah Ya yi muku albarka. Ya sa ku riƙa duba abin da ke ƙasa, ba na sama kaɗai ba."

Da mutane suka ragu ta matso kusa da angonta.

"To, Mai Jirgi, ɗaya ka faɗa min. Ina sauran ɗari da casa'in da tara?"

"Kin san ni da aiki a hankali, Allurata. Zai ci shekaru."

"Ina da zare," ta ce.

Allah Ya ba su shekarun, Ya ƙara musu da zuri'a mai albarka.