Ɓatan Na'urar Mai Karanta Zuciya

Da hantsin Litinin aka kawo wa Sufeto rahoton sata, yana tsugune yana neman abin da zai tokare ƙafar teburinsa mai rawa. Wani ƙaramin kamfani ne na masu ƙera manhaja ya yi kira, wai jiya Lahadi an ɗauke na'urar da suke tara aikinsu a ciki. Ya yi bisimilla, ya ɗauki hularsa, ya umarci Kofur ya tayar da mota.

Kamfanin bai wuce ɗaki biyu da 'yar kusurwar dafa shayi ba, a saman wani shagon tayoyi. Mutum biyu ne suka kafa shi, abokai tun suna makaranta: Shugaba, mai farautar masu zuba jari da daɗin bakinsa, da Injiniya, mai rubuta manhajar. Katako ne kawai ya raba ofisoshinsu, wanda ko tari ɗayansu ya yi sai ɗayan ya ji.

Shugaba ya tarye su a bakin matattakala. Sufeto ya miƙa masa hannu, amma sai Shugaba ya dafe ƙirji da hagu, damansa na cikin aljihu.

"Ranka ya daɗe, an kashe ni. Jibi masu zuba jari za su zo ganin aiki, ga shi babu na'ura. Kuma ba sai ka wahala ba, na san ɓarawon. Abokin aikina ne, a kama shi kawai."

"Ka ga lokacin da ya ɗauka?"

"A'a. Mai Karanta Zuciya ce ta nuna mini."

"To, a kira mini ita."

Kofur ya kawar da kai yana danne dariya. Shugaba ya yi bayani cewa ita ce hajar tasu, manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira: a ba ta saƙon mutum, ta faɗi halin da zuciyarsa take ciki. Ya ce ya jima yana ba ta saƙonnin Injiniya, ita kuwa tana ce masa mutumin ya yi sanyi, ya ja baya, alamunsa na mai shirin tafiya ne.

"Da ta gaya maka haka, ka leƙa ka tambaye shi?"

"Ai mu ba ma haka, ranka ya daɗe. Saƙo muke yi. Ya fi tsari."

Sufeto ya ƙwanƙwasa katakon nan da ɗan yatsa, ya ji siririn amonsa, ya yi istigifari a ransa. Ya daɗe yana ganin abin takaici a aikin nan, amma yau ce ranar farko da aka ce ya tsare bawan Allah a kan shaidar abin da ba ya rantsuwa, ba ya tsoron tsayuwar gobe ƙiyama.

Aka nuna masa durowar ƙarfen da na'urar take ciki. Ba a fasa kwaɗo ba. Wayoyin da ke bayanta kuwa datse su aka yi da almakashi, suna reto. A gefen ƙarfen, inda yake da kaifi, ya ga ɗan jini ya bushe. Ya sa Kofur ya ɗauki hoto, ya tambayi masu riƙe da makulli. Shugaba ya ce shi da Injiniya ne kawai.

Ana cikin haka Injiniya ya hawo, rigarsa a yamutse, idanunsa jawur, da jaka a kafaɗa. Sufeto ya shiga da shi ɗayan ofishin.

"Ina ka yini jiya Lahadi?"

"Gida, Yallaɓai."

"Gidan naku da warin asibiti yake? Kuma tun yaushe masu rubuta manhaja suka fara zuwa ofis da bargo da filas?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Can ya ce mahaifiyarsa ce ke kwance, ciwon ƙoda, ana yi mata wanki. Tun da aka kwantar da ita, daga nan sai can.

"Abokinka ya sani?"

"Ban gaya masa ba. Ban so a ce na kawo uzuri ana tsakar aiki."

"Subhanallahi! Ciwon uwa ne uzuri? To saƙonnin da kake aika masa masu sanyi fa?"

"Ni rabona da rubuta masa saƙo da hannuna tun ranar da aka ba ta gado. Ba ni da natsuwa. Sai na haɗa wayata da manhajar, ita ke ba shi amsa a madadina."

Sufeto ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce a maimaita masa, aka maimaita.

"Wato inji ya rubuta, injin dai ya karanta, ya yanke hukunci cewa marubucin ba shi da ɗumi. Kofur, ka ji abin da aka taso mu a kansa?"

"Na ji, Yallaɓai. Injin dai bai yi ƙarya ba."

Sufeto ya kai Injiniya gaban durowar. Da ganin wayoyin sai ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki? Ai ba a yanka su! Ɗan maɓalli ne a jiki, a danna a zare. Kuma ni me zan yi da akwatin? Duk abin da ke cikinta yana cikin kwamfutata, ni na rubuta shi."

Sufeto ya dubi tafukansa biyu da ke bisa kai, babu ko ƙwarzane. Kofur ya buga waya asibitin, ma'aikaciyar jinya ta tabbatar cewa jiya mutumin bai ɗaga daga gefen gadon uwarsa ba, sai don salla.

Suka koma wurin Shugaba, wanda ke zaune yana latsa waya da hagu.

"Malam, ɗazu ba mu gaisa ba. Ba ni hannu."

Shugaba ya zaro damansa daga aljihu. Bandeji ne naɗe a tafin.

"Wuƙa ce, ranka ya daɗe. Lemo nake yankawa a gida."

"Madalla. Za a gwada jinin lemon da wanda ke jikin durowa. Kafin nan, kawo makullin motarka."

A bayan motar, ƙarƙashin wani tsohon tawul, na'urar take kwance da guntayen wayoyinta. Shugaba ya jingina da bango.

"Ni na ɗauka," ya ce daga baya. "Na ɗauka tafiya zai yi da aikin ya bar ni da kunya gaban mutane. Na ce gara in riga shi. Na yi tunanin idan ya ji ɗakin tsaro, zai sa hannu ya bar mini komai."

"Taku nawa ne daga kujerarka zuwa tasa?" in ji Sufeto. "Allah Ya ba ka ƙafa, Ya ba ka harshe, Ya ba ka idon da zai ga mutum ya rame. Malamai sun gaji da gargaɗi a kan mummunan zato, kai kuma har na'ura ka ƙera masa. Uwarsa ce a asibiti, ana wanke mata ƙoda. Saƙonnin da kake kai wa manhaja kuwa manhajar ce da kanta ta rubuta su."

Shugaba ya juyo ya dubi abokinsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Umma?"

"Ita," in ji Injiniya a hankali. "Kullum sai ta tambaye ni kai. Cewa nake aiki ne ya riƙe ka."

Hannun Shugaba ya nufi aljihu, ya zaro waya, ya fara latsawa bisa sabo, yana neman abin da zai tsara masa kalmar ban haƙuri. Sufeto ya fizge wayar ya miƙa wa Kofur.

"Wannan ta zama shaida. Ga shi nan a gabanka. Da bakinka."

Mutumin da ke iya riƙe masu zuba jari da zance tun safe har azahar ya tsaya yana in'ina kamar mai koyon magana.

"Yaya... yaya jikin nata?"

"Da sauƙi. Allah Ya saka da tambaya."

Injiniya ya gyara jakarsa, ya nemi izinin komawa asibiti, Sufeto ya ba shi, ya haɗa masa da addu'ar samun lafiya. Kofur ya kama hannun Shugaba, na hagun, saboda ciwon, ya shigar da shi mota a kan laifin kai rahoton ƙarya da ƙulla wa mutum sharri.

Da suka hau titi, Kofur ya tambaya ko a rubuta sunan manhajar cikin masu ba da shaida.

"Tuƙa, don girman Allah," in ji Sufeto. "Tuƙa kawai."