Maɓalli Na Goma Sha Biyu

Akwai wata yarinya 'yar aji uku, babanta tela ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake kiran ta Uwata. Kullum in an tashi daga makaranta, shagonsa take zarcewa. Takan zauna a ƙarƙashin teburin yanka da 'yar tsanarta mai ido ɗaya. Ɗayan idon ya daɗe da ɓacewa, abin kuwa yana damun ta ƙwarai.

Ran nan malamarsu ta lissafi ta kawo ɗinkin riguna uku na 'ya'yanta mata. Ta kwance wani ƙyalle, sai ga maɓallai shuɗɗa suna ƙyalli kamar idon mage.

"Dozin guda ne," in ji Malama. "Daga rigar marigayiya mahaifiyata na cire su. Kowace jika ta samu huɗu. Don Allah a kula, yanzu ba a samun irinsu."

"Kada ki damu, Malama," in ji Baba. Ya zuba su a murfin gwangwani.

Yarinya ta dubi maɓallan, ta dubi 'yar tsana. Zuciya kuwa ba ta rasa mugunyar shawara. "Har goma sha biyu! Wa zai lura da guda ɗaya?" Baba na juya baya, ta yi wuf ta ɗauke ɗaya. A gida ta ɗinka shi da kanta, a karkace. 'Yar tsana ta yi ido biyu.

Ranar karɓar ɗinki, Baba ya sa wa riga ta farko huɗu, ta biyu huɗu. Da ya zo ta uku, sai ya ga uku. Ya zazzage aljihunsa. Ya janye keken ɗinki. Ya durƙusa yana laluben ƙasa, ga shi bayansa na ciwo.

"Uwata, idonki ya fi nawa, taya ni dubawa. Amana ce fa. Da wane baki zan gaya wa Malama?"

Yarinya ta shige ƙarƙashin tebur, ta tara guntayen ƙyalle goma sha ɗaya, adadin maɓallan da suka rage. Wai ko za su rabu uku daidai, kowa ya huta. Ta raba, biyu suka yi saura. Ta sake rabawa, biyun nan dai suna nan sun zuba mata ido.

Sai ga sallamar Malama. Baba ya miƙe da ƙyar, ya sunkuyar da kai.

"Malama, ki gafarce ni. Ɗaya ya ɓata. Sakacina ne."

Wannan magana ita ta karya zuciyar yarinya. Babanta da ba ya yar da ko guntun zare, yau shi ne mai sakaci? Ta fashe da kuka, ta zaro 'yar tsana daga jakar makaranta.

"Ba laifin Baba ba ne! Ni ce na ɗauka. Na zaci ɗaya ba komai ba ne."

Ta ɗauki almakashi, ta yanke idon da kanta, ta miƙa wa Malama.

Malama ta jawo ta jikinta. "Share hawaye. Kawo ƙyallayen nan naki. Raba su biyu."

Ɗaya ya yi saura. Ta gwada huɗu, ta gwada shida, duk da saura.

"Goma sha ɗaya taurin kai gare ta," in ji Malama. "Ba ta rabuwa, sai dai ɗaya-ɗaya. To, ƙara guda."

Ta ƙara. Kashi biyu, daidai. Kashi uku, daidai. Huɗu da shida ma cif-cif!

"Kin gani? Goma sha biyu ba ta son rigima. Shi ya sa mutane ke ƙaunar ta tun da can. Dubi agogon babanki, lamba nawa? Watannin shekara fa? Dozin fa?"

"Duk goma sha biyu, Malama."

"Amma guda ɗaya kika cire, duk daidaiton ya rushe."

Baba ya ɗinka maɓallin a riga ta uku. Sannan ya ɗauki 'yar tsana, ya lalubo wani kore daga gwangwaninsa, ya ɗinka mata. Ido ɗaya baƙi, ɗaya kore.

"Uwata, da kin tambaye ni, da tuni tana gani," in ji shi. "Yanzu kuma ki kiyaye ta, idonta biyu a kanki."

Ta yi dariya da hawaye a kumatu, ta rungume shi. Daga ranar ta gane cewa a kayan amana babu ƙarami. Abin da ba naka ba, ko guda ɗaya ne, sai ka tambaya.