Ragowar Wuta a Akwatin Baffa Tanimu

Ku matso, ku rage surutu. Wanda ya san tsoro zai hana shi zuwa kewaye ya tashi tun yanzu, don ni ba mai rakiya ba ce. Labarin Baffa Tanimu zan ba ku, mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Funtuwa, wanda kuke yi wa dariya wai yana sauraron sifikar da ba ta cewa komai. Yau za ku ji dalili.

Baffa Tanimu mutum ne mai kunne. Tun daga ƙofar shago, in rediyonka ta yi tari, zai gaya maka abin da ya lalace a cikinta. Waƙa kuwa ita ce abincinsa. Duk kaset-kaset ɗin da ya tara tun yana saurayi ya juye su cikin wata 'yar kwamfuta, wadda ba ta da wani aiki a duniya sai waƙa. Ya ajiye ta a zaure, ya haɗa ta da amfilifaya da manyan sifiku biyu. Abu ɗaya ke ɓata masa rai. Cajar kwamfutar, irin marar nauyin nan ta zamani, tana zuba wani siririn zuuu a ƙarƙashin kowace waƙa. Babu mai jin sa sai shi, amma shi yana hana shi sukuni.

Matarsa, Inna Ladidi, ba ku san ta ba, kuna goye ta rasu. Mace ce mai fara'a, mai wushirya, ba ta aiki sai da waƙa a bakinta. In ta ja numfashi tsakanin baiti da baiti, iska kan yi ɗan fito ta wushiryar. Shekara goma sha tara suna tare, kuma maganar da ta fi ji daga bakinsa ita ce, "Yi shiru, ina sauraro." Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Kunnensa ne dai ya bai wa inji.

Wata Laraba ya sayo makirufo, ya haɗa shi da kwamfutar yana gwada ɗaukar murya a zaure. Ta leƙo za ta yi magana, ya ce ta yi masa shiru, da murya mai kaushi fiye da ta kullum. Ana cikin haka aka yi sallama da shi, ya fita ya bar makirufon a kunne. Da ya dawo ya kashe, bai ko saurari abin da ya ɗauka ba. Washegari yana shago aka aiko masa ta faɗi a tsakar gida. Kafin ya iso ta cika. Ba su samu sun yafe wa juna ba.

Sai bayan sadakar arba'in ya ci karo da abin da makirufon ya ɗauka. Minti huɗu ne. Ana jin ta shigo zaure tana shara tana waƙa. Can wajen ƙarshe tsintsiyar ta tsaya. Ta ce, "Tanimu," sannan ta faɗi wasu 'yan kalmomi ƙasa-ƙasa, zuuu ɗin nan ya rufe su.

Ya ƙara murya, zuuu ya ƙaru. Ya manna kunne a jikin sifika har ya yi shaida. Me ta ce? Ƙorafi ne? Allah ya isa ta yi masa? Abin da ya ci masa rai ke nan. Ya daina cin abincin kirki, ya rame har wandonsa yana zamewa. Wallahi in na tuna shi a lokacin, tausayi nake ji har yanzu.

Sai ya yanke shawarar ya yar da cajar, ya haɗa wa kwamfutar akwatin wuta irin na dā: taransifoma mai nauyi da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, da manyan kwandansa masu tara wuta su sake ta a hankali, sumul, babu tsalle-tsalle. Ya san sana'arsa. Ya san ƙarar da ta riga ta shiga cikin ɗauka ba kowace ke fita ba. Amma mai baƙin ciki ba ya jin wannan. Ya haɗa da abin da ya samu a kasuwa, zuuu ya ragu, maganar dai tana nan kamar ta bayan katanga. Ya ce ƙarfen taransifomar yanzu ne ba shi da kyau. Wani abokin sana'arsa ya ce masa akwai tsofaffin injuna a tsohon gidan gurzar audugar nan da aka rufe, ya bari ran Lahadi su je tare.

Bai jira Lahadi ba. Ya kama hanya shi kaɗai, rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa. Ya bi ta 'yar ƙaramar hanyar nan ta bayan gidan gurzar, wadda ta ratsa gindin tsamiya.

Yana cikin tafiya ya ji kukan kurciya ya ɗauke. Ƙarar motocin babban titi ma ta ɗauke. Sai takunsa kawai.

Wani tsoho na zaune a gindin tsamiyar. Farar riga, fes. A gabansa wani abu lulluɓe da buhu.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Mai rediyo. Ka makara."

Baffa ya tsaya cak. Ba sanin sana'arsa ne ya firgita shi ba, muryar ce. Shi da ya yi shekara talatin yana sauraron muryoyi, ya san kowane mai rai yana jan iska kafin ya yi magana. Wannan ba ya ja. Maganar fitowa kawai take yi. Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya sauka kan ƙafafun tsohon. Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna kallon itacen.

Ya kama addu'a a zuci, amma bai gudu ba. Abin da ke ransa ya fi tsoron nauyi.

Tsohon ya yaye buhun. Taransifoma ce baƙa, tsohuwa, wayarta ja jawur kamar yau aka naɗa. Baffa ya taɓa. Duk zafin ranar nan, sanyi ƙarara.

"Ɗauka," in ji tsohon. "Za ka ji. Amma ka sa mata mazubar ragowa. Abin da ya ƙare a bar shi ya ƙare."

Baffa ya rungumi abin da ƙyar, ya juya. Bai waiwaya ba har ya ji kurciya ta sake kuka.

To, bari in gaya muku mazubar ragowa. Kwandansa tana riƙe wuta ko bayan an kashe inji. Shi ya sa masu gyara suke liƙa mata wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar gyaɗa, rasisto suke ce masa, don ya tsiyaye abin da ya rage. Ko sabon ɗan koyo ya san wannan. Baffa ya haɗa komai tsaf, ya ɗauko ɗan abin nan, dalma na narke a bakin ƙarfen liƙi. Sai ya tuna yadda ake yawan ɗauke musu wuta. In aka ɗauke tana tsakiyar maganar fa? Gara akwatin ya riƙe ragowar har ta ƙarasa. Ya mayar da rasiston cikin gwangwanin kayan gyara, ya rufe akwatin.

Bayan la'asar ya kunna.

Babu zuuu. Babu komai. Wani irin shiru ne da bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Sai tsintsiya, shar, shar. Sai waƙarta, kamar tana bayansa. Ga ɗan fiton nan na wushirya duk sanda ta ja numfashi. Tsintsiyar ta tsaya.

"Tanimu," ta ce, dariya a cikin muryar. "Sarkin sauraro. In ka gama da injinka ka zo ka ci tuwonka, na sa maka man shanu."

Shi ke nan abin da ta ce. Babu ƙorafi, babu Allah ya isa. Tsawar da ya yi mata ko a jikinta. Ya tuna tuwon nan. Sai da ya sandare ya ci shi a daren, ita ta yi barci. Babban mutum ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro, kukan daɗi da na takaici a haɗe.

Yana cikin kukan aka ɗauke wuta. Fankar zaure ta tsaya. Amma 'yar jar fitilar akwatin ba ta mutu ba. Ya dubi kwamfutar. Minti huɗu sun cika. Ɗaukar ta ƙare.

"Tanimu. Kana ji na?"

Daga sifikar ne. Muryarta ce sak.

"Ka nemi gafarata in yafe maka. Amsa kawai za ka yi."

Abin da ya yi wata uku yana nema ke nan. Bakinsa har ya buɗe. Sai kunnen nan nasa, kunnen da ya cuce shi shekara goma sha tara, ya yi masa rana. Babu fito. Babu jan iska. Maganar fitowa kawai take yi, irin ta gindin tsamiya.

Ya laluba kan tebur, ya ɗauko ƙwan fitilar nan mai waya biyu da masu gyara ke zuƙe ragowar wuta da shi. Ya buɗe akwatin. Ya san in ya taɓa, ba lallai ya sake jin ta ba.

Muryar ta yi ƙasa, ta yi taushi.

"Haba, Tanimu. Za ka sake ce mini in yi shiru?"

Ya ce a duk rayuwarsa ba a taɓa soka masa wuƙa irin wannan ba. Ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya ɗora wayoyin a kan kwandansar. Ƙwan ya kama fari tas, ya haske zauren. Ya daɗe yana ci, fiye da yadda kowace kwandansa za ta iya. Muryar tana kiran sunansa, tana sirancewa, tana nisa. Ƙwan ya yi ja. Ya mutu.

Washegari shi da liman da abokin sana'arsa suka mayar da taransifomar gindin tsamiya. Ba su tarar da kowa ba, ko sawu babu. Da ya dawo ya maida akwatin farko da ya haɗa da kayan kasuwa, ya liƙa masa mazubar ragowa, ya kunna. Duk waƙoƙinsa suna nan, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ya buɗe na Inna Ladidi. Minti huɗun suna nan, amma babu tsintsiya, babu waƙa, ko zuuu ɗin babu. Sau ɗaya ya ji maganarta, ba zai ƙara ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Hanyar bayan gidan gurza ba ta mutum ɗaya ba ce, balle da rana tsaka. In kun ga mai farar riga a gindin tsamiyar nan, kada ku karɓi komai, kome kuke nema a duniya.

Kuma ku daina yi wa Baffa dariya. Kun ga dai yanzu ko ƙaramin yaro ne ya yi masa magana, kashe rediyo yake yi ya juyo. In la'asar ta yi ya shiga zaure ya kunna shirun nan, ku wuce a hankali. Ni na taɓa laɓewa. Yana zaune, hannu a gwiwa, har minti huɗun su kusa cika. Daidai inda tsintsiyar take tsayawa sai ya ɗan jira, sannan ya ɗaga kai ya ce, "To, Ladidi. Ga ni nan zuwa."