Kalmar da Ba a Fara Gaya wa Babba

A kasuwar tumaki ta Hawes, wani ƙauye a arewacin Ingila, Declan ya fara ganin Bryony, tana janye da wani rago mai taurin kai. Sabon likitan dabbobi ne daga Leeds, amma ranar nan da za ka ce ya nuna maka kan rago da wutsiyarsa, wallahi sai ya yi kame-kame.

Bayan wata biyu saƙonta ya shigo wayarsa: "Wilt? Shan shayi a gidanmu ran Lahadi."

"Mece ce wilt kuma, kurciyata?"

"Tsohon Turancin kakanninmu ne, ɗan birni. Wato, za ka? Yanzu ba ka jinta sai a coci wajen ɗaurin aure, sai nan kwarinmu. Na jiki kaɗai ake gaya wa."

Daɗi kamar ya kashe Declan. Sai dai ta manta ba ta faɗa masa yaro ba ya fara gaya wa babba ita ba.

Ran Lahadi, don neman suna, ya miƙa wa mahaifinta, dattijo Alderson, butar shayi.

"Wilt, Baba?"

Dattijon ya dire kofinsa. "Tare muka yi kiwo da kai? Likita, ƙofa na nan inda ka bar ta."

Bryony ta sha kuka, sannan ta rubuto: "Laifina ne, masoyi. Ya ce kada ka ƙara taka gonarsa. Ina sonka, amma ba zan yi aure babu albarkarsa ba."

"Share hawayenki. Gona ya hana ni, bai hana ni titi ba."

Katangar dutsen da ta raba gonar da titi ta daɗe da zubewa. Duk Asabar sai Declan ya tsaya ta waje yana jera duwatsu har yatsunsa su fashe. In dattijon ya gifta sai Declan ya cire hula: "Barka da aiki, ranka ya daɗe." Asabar bakwai ko kallo bai samu ba.

A ta takwas dattijon ya tsaya, ya ƙare wa aikin kallo.

"Karkatacciya ce," in ji shi. "Ƙetaro, ɗana, in nuna maka. Ba na ba mai karkatacciyar katanga 'yata."

A watan Yuni aka ɗaura auren a cocin ƙauyen. Dattijo Alderson ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Sai ya yi waje da sauri, wai tumaki ba su ci ba, alhali kowa ya ga hawayensa.