Amaryar Garin Tsofaffi

A shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, Dalhatu tela yana da rumfa a kasuwar Gaya, yana ɗinki yana kuma sayar da yadi. Wata ranar kasuwa yana tsakiyar taka keken ɗinki sai wata budurwa ta tsaya a kansa, doguwa, baƙa, fuskar nan ba alamar fara'a.

"Alawayyo nake so, na likkafani. Na mace."

Dalhatu ya ɗaga kai, ƙafarsa ta tsaya da kanta. "Allah ya ji ƙanta."

"Ba ta mutu ba. Ajiyewa za ta yi."

"Amma ba maza a garinku ne, sai ke za a aiko sayen likkafani?"

"Yadi kake sayarwa ko tambaya?"

Ya yanka mata ya naɗe, ta biya ta juya. Ya bi ta da kallo har ta shige cikin masu awon hatsi. Da ta sake dawowa wata kasuwar, na namiji ta ce a yanka mata, Dalhatu kuwa ya riƙe almakashi ya ƙi yankawa sai ta faɗi sunanta.

"Lauratu," ta ce a gajarce. "Daga Rijiyar Kabo, hanyar Ajingi."

"Annoba ce ta shigar muku?"

"Tsufa ne. Shi ba a yi masa lambar rigakafi."

Ya yi dariya, ita ma murmushi ya suɓuce mata, ta yi maza ta kawar da kai.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya hau kekensa ya nufi Rijiyar Kabo. Gari ne mai gidaje da yawa, amma mafi yawansu dannin ya zube, ciyawa ta cinye tsakar gida. Tun kafin farin nan, samari suka fara zurarewa Kano aikin masaƙa da dako, da farin ya zo sai ya kwashe ragowar da matansu. Ba yaro ko ɗaya a kan hanya. Rabon da a yanka ragon suna a garin har an daina tunawa.

Tsofaffi na zaune a gindin tsamiya. Ya yi sallama, suka amsa ciki-ciki. Da ya ambaci sunan Lauratu, wani dattijo mai farin gemu ya dogara sanda ya miƙe. Malam Barau ke nan, mahaifinta.

"Kun kwashe mana samari, yanzu ita ɗayar da ta rage kuka biyo?"

"Baba, ni da alheri na zo."

"Duk da alheri suke zuwa. Hau kekenka."

Dalhatu ya juya. A bakin gari ya tarar da Lauratu a rijiya, tuluna jere a gabanta sun fi na gida ɗaya nesa ba kusa ba.

"Duk naki ne?"

"Na gari ne. Wa kake gani zai ja musu?"

Ya jingine keken ya karɓi gugar. Ta tsaya tana kallonsa yana ja.

"Tela, Baba bai kore ka ba?"

"Ya kore ni daga gindin tsamiya, Laure. Bai ce komai a kan rijiya ba."

"Wa ya ba ka izinin yanke min suna?"

"Sana'ata ce. In abu ya yi tsawo sai in rage shi ya zauna daidai."

Wannan karon ba ta ɓoye dariyarta ba.

Haka Juma'o'i suka yi ta wucewa. Ta gaya masa ita kaɗai iyayenta suka haifa, ita ma sai da mahaifiyarta Hansai ta fid da rai sannan ta zo. Ya gaya mata mahaifinsa ya rasu, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu.

"In na yi aure na tafi, Tela, wa zai dama musu kunu?"

"In ba ki yi aure ba, Laure, ni wa zai dama min?"

Da maganar ta kai kunnen Kulu, mahaifiyar Dalhatu, sai ta ajiye muciya ta dube shi.

"'Yar Rijiyar Kabo? Garin da haihuwa ta ƙaurace wa? Na bincika. Uwarta ɗaya ta haifa, kakarta ma biyu. Kai kaɗai ubanka ya bari, so kake sunansa ya mutu a hannunka?"

"Inna, haihuwa ta Allah ce."

"Ni za ka yi wa wa'azi? Ga 'yan mata nan a Kademi, gidajen da ake goyo gaba da baya."

Kulu ba ta tsaya nan ba. Ba tare da ya sani ba ta shiga mota ta sauka a Rijiyar Kabo, ta tarar da Hansai a tsakar gida tana tsince wake da idanunta da suka fara dushewa. Ko tabarmar da aka shimfiɗa mata ba ta hau ba.

"Zuwa na yi in ce ki ja wa 'yarki kunne. Ɗana ba zai shuka a fako ba. Ku da kuka kasa cika gidanku, kada ku zo ku ƙarar da nawa."

Hansai ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin waken. Lauratu da ke madafa ta fito idanunta jajur.

"Iya, kin girme ni, amma ba a gidan ubana za ki sa uwata kuka ba. Ga hanya nan."

"Ni kike kora?"

"Ke ɗin. Ki kuma gaya wa ɗanki ya riƙe kekensa a Gaya."

Juma'ar da ta biyo Dalhatu ya same ta a rijiya, ta fizge gugar kafin ya taɓa.

"Ka turo uwarka ta auna mu kamar akuyar kasuwa."

"Wallahi, Laure, ban san ta zo ba."

"Sunana Lauratu."

A cikin wannan fushin ne Badaru ya dawo gari. Ɗan Iya Talatu ne, tsohuwar da aka fara saya wa likkafanin nan. Direban babbar mota ne a Kano, ya zo da rediyo a rataye da agogo mai ƙyalli. Uwarsa na kwance ba lafiya, amma zaman da ya yi a ɗakinta bai kai wanda ya yi a ƙofar gidan su Lauratu ba.

"Me kike yi a wannan kufan? Ki zo in kai ki inda ake kunna lantarki. Waɗannan duk jiran ranarsu suke."

Maganar ta soke ta, amma don haushin Dalhatu ta riƙa fitowa zance. Badaru ya koma Kano ya ce sai ya dawo da kayan sa rana.

Da damina ta ɗauke, ƙasa ta bushe ƙamas, Iya Talatu ta cika da hantsin wata Juma'a. Aka ba wani mai mota saƙo zuwa ga ɗanta. Lauratu da Hansai suka yi mata wanka suka suturta ta, sai dai kabari ya gagara. Tsofaffin suka karɓi diga bi da bi, kowa ya sara sau kaɗan sai ya zauna yana haki. Rana ta take, ramin ko gwiwa bai kai ba. Lauratu ta tsaya daga nesa a bayan danni tana kuka, ga ƙarfin amma ba wurin mace ba ne.

Dalhatu bai daina zuwa ba ko da ta daina kula shi. Ranar ya tarar da rijiya ba kowa, ya bi sautin digar har maƙabarta. Ya tuɓe riga ya miƙa hannu ga Malam Barau. Dattijon ya harare shi, ya riƙe digar kamar ba zai saki ba, sannan ya saki.

Hannun da ya saba da allura ya yi ta sara har tafukansa suka fashe. Shi ya shiga ramin ya karɓi gawar, shi ya jera itace. Badaru bai iso ba sai bayan sadakar uku, ya ce lodi ne ya riƙe shi. Da ya je ya yi mata sallama, Lauratu ta fito ƙofar gida ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanda bai zo ya binne uwarsa ba, ni in na kwanta ciwo lodin wa zai ajiye? Kada ka sake yi min sallama."

Da Dalhatu ya dawo, ita ta riga shi magana.

"Nuna min hannun."

Ya buɗe mata. Ta daɗe tana kallo. "Ka yafe min, Telana."

"Sai kin yarda na ci gaba da yanke sunan."

Malam Barau dai bai sauko ba. Da kawun Dalhatu, Tukur, ya zo neman aure, cewa ya yi, "Haƙa kabari lada ne, ba sadaki ba. 'Yata ba ta barin garin nan in dai ina numfashi."

Dalhatu da ke rakuɓe a gefe ya ce, "Baba, ba sai ta bari ba. Ku ba ni kango ɗaya in gyara. Ranar kasuwa in je Gaya, sauran kwanaki ina nan, in yi ɗinki in yi noma."

Malam Barau ya dube shi ya ce, "Za ka gudu kamar sauran."

"In na gudu, ita tana nan. Ba abin da kuka rasa."

Dattijon ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce, "Na ba ka."

A Gaya kuwa Kulu ta ɗora hannu a ka. "Namiji ya tare a garin mace! Da wane ido zan kalli mutane?" Ta daina amsa gaisuwarsa. Kullum da safe sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ya tashi ba amsa. Ana gobe ɗaurin aure ya ce, "Inna, ke kina da 'ya'ya mata da jikoki cike da gida. Su ita kaɗai gare su. Ba zan tafi da fushinki ina jin daɗi ba, amma zan tafi." Ta juya masa baya.

Aka ɗaura aure a gindin tsamiya. Ba 'yan matan amarya, don haka tsofaffin mata suka ce su za su kai ta, kuma da la'asar, tun idonsu na ganin hanya. Suka sa ta a tsakiya, wata da sanda wata dafe da bango, suna waƙar kai amarya da muryoyi masu rawa, in baiti ya ɓace wa wata sai wata ta tuna mata. Wadda ta gwada guɗa tari ya sarƙe ta, aka yi ta dariya har da amarya a cikin mayafi.

Suna isa ƙofar gidan da Dalhatu ya gyara suka ji guɗa mai ƙarfi daga ciki, irin wadda ke tsaga kunne. Kulu ce tsaye a tsakar gida, ta ci ɗamara, 'ya'yanta mata na sauke tukwane a bayanta.

"Ku matsa, kada ku kayar min da ita," ta ce da tsofaffin, fuskarta a murtuke. Ta kama hannun Lauratu ta kai ta har bakin gado ta zaunar, ta ɗaga mayafin ta dube ta.

"Korar da kika yi min ban manta ba."

"Ki yafe min, Inna."

"Ni ma na faɗa wa uwarki abin da bai kamata ba, na kuma je na same ta ɗazu." Ta ja numfashi, ta dafa kan amaryar. "Allah ya ba ku zaman lafiya. In ya ba ku 'ya'ya, mun gode masa. In bai bayar ba, ke dai kin zama tawa."

Daga bakin ƙofa Hansai ta ce amin, sauran tsofaffin suka amsa, amin ɗin ya bi ta zaure har waje inda Dalhatu ke durƙushe gaban Malam Barau, dattijon ya riƙe hannunsa gam yana sa masa albarka.